Kaskon Sha-Yanzu

Shekara goma sha biyu ke nan bana da rasuwar Malama Rabi, matar yayana Mamman, kuma har yau akwai mutanen Zurmi da ba su san sunanta na yanka ba. Sha-Yanzu suke ce mata. Ni na laƙaba mata sunan, Allah ya yafe mini.

Koyarwa take yi a firamare, Yaya kuma direban babbar mota ne. Ran Alhamis idan ya dawo daga kasuwar Shinkafi, sai ta kama kaza ɗaya cikin waɗanda take kiwo, ta ɗauko taliya, ta haɗa su a kasko guda, kafin a kira magariba an sauke. Mu kuwa a gidanmu girki ba ya amsa sunansa sai an yi surfe, an yi daka, tukunyar tuwo daban, ta miya daban. Na bi dangi gida-gida ina cewa wannan lalaci ne, sha yanzu magani yanzu, an mai da yayanmu abin tausayi. Sau biyu tana kira na bakin murhu: "Hajo, taho ki gani, ba wuya." Na ce Allah ya tsare ni. Girman kai rawanin tsiya.

Yau fa? An ba mu jiha, 'ya'yanmu mata sun cika ofisoshi, taliyar leda ta cika shagunan Kaura. Waɗanda suka taya ni dariya, su ne yanzu ke yabon surukansu wai sun iya dafa-duka. Abin yana ƙona mini rai. Da Malama za ta leƙo, na san murmushin nan nata kawai za ta yi, wanda ya fi zagi ciwo.

Tun damina Yaya yake kwance a gidana, abinci ya fita ransa. Fura ma sai da lallashi. Rannan ya ce taliyar Rabi yake marmari. Na ce wannan ai wasa ne, girkin da na raina? Kaji uku na yanka a mako guda. Ta farko taliyar ta caɓe kamar kunu, ta biyu ta kama. Ta uku ya kai loma ɗaya, ya ture kwanon, ya juya fuskarsa bango. Na zauna tsakar gida ina huci, mutum yana ramewa a gabana, wadda za ta gaya mini kuma tana kwance a kushewa. Da na sani ƙeya ce.

Washegari ina fige ta huɗu sai na ji muryarsa daga ɗaki: "Hajo, ruwa kike fara zubawa ko? Ba haka take yi ba. In kazar ta soyu, ki ture ta gefe, ki soya taliyar cikin man har ta yi ja. Sannan ruwan zafi, kaɗan."

Na ce, "Yaya, kai ina ka sani?"

Ya ce, "To wa ke yanka mata albasa?"

Kazar na ajiye. Ashe duk shekarun da muke yi masa jaje, yana tsugune bakin murhu yana fifita mata wuta. Kuma ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce mana mu bar matarsa ta huta ba. Na rasa da wa zan yi fushi, da shi ko da kaina.

Na yi yadda ya ce. Ya cinye, har ya suɗe kwano, ya ce Allah ya jiƙan Rabi.

Ɗalibanta suna nan, kaskonta yana nan, girkinta ma ya dawo. Amma sunan da na ƙaƙaba mata ya fi su duka daɗewa, kuma na kasa kankare shi. Shi ya sa na rubuta wannan. Jama'ar Zurmi, don Allah, sunanta Rabi.