Akwatin da Ya Dawo wa Baba Zainu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 11 ga Maris 2014, daidai da 10 ga Jumada Ula 1435, Allah ya karɓi ran Malam Zainul Abidina Maikano, wanda mu da ɗalibanmu muke kira Baba Zainu, a gidansa da ke Hayyus Sabi' a nan Alƙahira. Ya rasu yana da shekara hamsin da tara.

A wajen jana'iza na ji wasu sababbin ɗalibai suna gaya wa juna cewa bakaniken nan ne ya rasu. Ni ma haka na ɗauka lokacin da na fara ganinsa, shekara tara da suka wuce. Amma Baba Zainu bai taɓa buɗe gareji ba, ko mota bai mallaka ba. Tafinta ne, mai raka marasa lafiyar da suke zuwa neman magani daga gida. Abin da ya sa ake masa kallon bakanike shi ne akwatunan da yake tarawa: tsofaffin akwatunan soket, irin ƙananan nan na kwatan inci da suke shiga aljihun jallabiya. A cikin kowanne akwai jerin ƙananan ƙoƙunan ƙarfe da ake kifa wa kan noti, da hannun juya su, wato racet, mai ƙara ƙas-ƙas-ƙas idan an mayar da shi baya. Yana da arba'in da uku.

Baba, babu gidan ɗaliban da ba ka shiga da ɗaya a aljihu ba. Gadon ƙarfen da ya karye, fankar da ta daina juyi, keken guragun wata tsohuwa daga Azare da ƙafarsa ta kwance a ƙofar asibiti, duk kai ne. A kwanakin tashin hankalin 2011, da aka hana fita, ɗalibai goma sha ɗaya ka kwasa zuwa falonka, ka ciyar da su har gari ya lafa. In an yi maka godiya sai ka ce, "Khalas, shi ke nan, sha shayinka kafin ya huce."

Ya taɓa ba ni asalin abin. Mahaifinsa mai gyaran babur ne a Gusau, kuma da zai taho karatu a 1979, akwatin soket ɗinsa ya ba shi, ya ce ko da littafi ya ƙi ciyar da shi. Bayan shekara huɗu yunwa ta matsa, ya sayar da akwatin ga mai bikiya, ɗaya daga cikin masu amalanken nan da ke zagaye unguwa suna sayen tsofaffin kaya. Kafin ya miƙa, sai ya zare soket mafi ƙanƙanta ya ɓoye. Ya kan yi dariya ya ce ita ce sata ɗaya da ya san ya yi, kuma kayansa ya sata. Wata biyu bayan nan wasiƙa ta zo cewa mahaifinsa ya rasu. Tun daga lokacin soket ɗin ke rataye a makullansa, shi kuma ba amalanken da zai wuce bai leƙa ba. Bai ga na mahaifinsa ba, sai na iyayen wasu.

"Ba mai sayar da irin wannan yana raye, sai wawa irina," in ji shi. "Magada ne ke fitar da su. Kayan matattu ne ke hawa amalanken nan."

Kusan kowane murfi akwai sunan mai shi, an karce da ƙusa. Duk Juma'a bayan La'asar sai ya shimfiɗa su a kan darduma, ya ɗiga wa kowane hannu mai, ya juya shi sau ɗaya a kusa da kunne, ya ambaci sunan. Na taɓa ce masa ai wasu sunayen ba na Musulmi ba ne.

"Ya Shehi, ajiye fatawarka tukuna," ya ce. "Musulmi ina yi masa addu'a. Wanda ban sani ba na bar shi da Ubangijinsa, shi kuma ya tuna mini inda za ni."

Da ciwon sukari ya cinye masa gani, bai fasa ba. Da ƙara yake gane su. Kowane hannu da muryarsa.

Abin da zan faɗa yanzu a gabana ya faru. Ranar Lahadi, kwana tara kafin rasuwarsa, muna zaune a barandarsa ta hawa na biyu bayan Azahar. Titi shiru, abin da ba a saba ba. Sai muka ji kiran daga nesa, "Bikiyaaa! Bikiyaaa!" Amalanken ya zo ya tsaya daidai ƙarƙashinmu, ba wanda ya kira shi. Mai shi yana zaune yana wasa da wani ƙarfe a hannu. Ƙas-ƙas-ƙas. Baba ya ajiye kofinsa.

"Malam Lawal, ka ji? Racet ɗin nan yana tsallake haƙori na bakwai. Ni na karya shi ina yaro."

Na riƙe hannunsa muka sauka. Akwatin racet ɗin na kan amalanken, ya yi tsatsa, jan fentinsa ya kusa ƙarewa. Ya ce in karanta murfin. Rubutun ajami ne: Maikano Gusau. Na buɗe. Shekara talatin da ɗaya, bai san hannu nawa ya bi ba, amma komai na nan a gurbinsa, in ban da rami ɗaya a ƙarshen jere. Ya kwance soket ɗin daga makullansa, ya lalubo ramin da yatsa, ya saka. Ya zauna daram.

Na zaci zai yi murna. Ya daɗe yana shafa murfin, sannan ya ce a hankali, "Ni na ce kayan matattu ne ke hawa amalanken nan. To ga nawa a kai."

Na yi masa faɗa irin na ɗa da uba. Na ce camfi ne, ajali na hannun Allah. Ya ce, "Tamam, gaskiyarka." Amma a makon nan ya bi marasa lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya ya haɗa su da wani tafintan. Har yau a kan maganata nake: ƙarfe ba ya kiran mutuwa. Abin da na gani kawai na rubuta.

Juma'ar da ta biyo bayan jana'iza, Mahasin, 'yar Sudan ɗin da ke zaune a ƙasansu, ta tare ni a matakala. Ta ce bayan La'asar ta ji ƙarar nan ta rufin ɗakinta, ɗaya bayan ɗaya, tsawon lokacin da ta saba ji. Na hau na tambayi matarsa, Hajiya Azumi, wadda ta shekara talatin tana mitar warin mai a dardumarta. Ta ce ita ce, kewa ta sa ta. Sai dai ta ce guda ɗaya ta juya, na surukinta, sau ɗaya, ta mayar. Ban ƙara tambayar kowaccensu ba.

Ga abin da ya sa na yi wannan rubutu, ɗalibaina. Idan Hajiya ta fita takaba, bayan ƙaramar Sallah, Gusau za ta koma. Jaka biyu jirgi ya yarda mata, kuma akwatin surukinta kaɗai za ta iya ɗauka. Sauran arba'in da ukun, in ba a samu masu karɓa ba, amalanken da Baba ya ceto su daga kansa za su koma, a auna su a sikeli, a narkar da su har da sunayen. Mai bikiyar nan tun rasuwar kullum sai ya tsaya a ƙarƙashin barandar. Ba ya ma kira. Sama kawai yake kallo.

Allah ya jiƙan Baba Zainu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Azumi, da 'ya'yansa Haisam da Rukayya, da 'yan uwa na Gusau, da duk wanda ya taɓa shan shayi a falon nan. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Hajiya ta ba da izini. Juma'a mai zuwa bayan La'asar zan shimfiɗa dardumar. Ba sai ka san gyara ba, zan nuna maka yadda ake ɗiga man. Ka zo ka zaɓi akwati ɗaya, ka kai hannun kusa da kunnenka, ka juya. Ka karanta sunan da ke kan murfin, sannan ka ƙara da na Baba Zainu.

Lawal Ukasha
Hayyus Sabi', Alƙahira