Donat ɗin Koriya da Hannun Inna

Har ƙasa ta rufe min ido ba zan manta da Asabar ɗin da na kai mahaifiyata cin donat a unguwar Tunga ta Minna ba. Shekaru sun ja, amma in na tuna sai in ji yawun bakina ya yi ɗaci.

Inna mai fanke ce. Ta fi shekara ashirin tana suya kusa da tashar jirgin ƙasa ta Minna, kuma da wannan kaskon ta yi min makaranta har na samu aikin ofis. Hannuwanta duk tabon mai ne, mayafinta kuwa ko an wanke sai ka ji ƙaurin suya. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. Daga "ke" sai "waccan". In baƙo ya tambaya ko 'yarta ce, sai ta kau da kai ta ce, "Ta gidanmu ce."

A lokacin aka buɗe wani shagon kayan zaƙi, gari ya ɗauka da zancen donat ɗinsu irin na Koriya, wanda ake ɗura wa kirim a ciki a barbaɗe shi da madarar gari. Ni kuma kan nawa ya fara girma da sabon aiki. Na matsa wa Inna sai ta zo ta ga yadda ake sarrafa fulawa a duniya. Ta ce, "Ni da nake kwana cikin ƙullu, me za a nuna min?" Duk da haka ta ɗauko atamfarta ta zuwa biki, muka hau Keke Napep.

Wurin sanyi ƙalau, ko'ina gilashi. Aka kawo mana donat guda huɗu a faranti, da wuƙa da cokali mai yatsu. Inna ko kallon wuƙar da cokalin ba ta yi ba. Ta yi bismilla, ta ɗauki donat ɗaya ta latsa da babban yatsa, ta shinshina, sannan ta raba shi biyu. Kirim ya tsiyayo mata har wuyan hannu, ta lashe abinta.

"Ƙullun ya tashi yadda ake so," ta faɗa da muryarta ta bakin tasha, wadda ta saba gasa da ƙarar jirgi. "Amma man ya kwana. Kuma wannan ai fanke ne aka yi wa ciki."

Tebur biyu suka waiwayo. A ɗaya daga ciki akwai matan ofishinmu su uku, irin waɗanda nake ta neman shiga cikinsu, waɗanda na gaya wa cewa mahaifiyata 'yar kasuwa ce mai harkar fulawa. Ɗayarsu ta taso tana murmushi, ta gaida Inna da Hausarta ta 'yan koyo, sannan ta dube ni.

"Wannan Mama naka ne?"

Na kalli hannun Inna, tabo da kirim da madara. Na ce, "A'a, maƙwabciyarmu ce. Na ɗan fito da ita ne."

Matar ta yaba min da kirki ta koma. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Inna ba ta ɗago ba. Ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya da takardar goge hannu, ta naɗe sauran donat ɗin ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce za ta kai wa ƙannena. Muka hau Keke muka nufi gida. Ni kuwa ina ta lallashin kaina: ai ita ma ba ta taɓa cewa ni 'yarta ce a gaban mutane ba, to mene ne na tayar da hankali? Dubi wauta. Ita ta ɓoye ni ne don na yi mata girma a zuciya, ni kuma na ɓoye ta don ta yi min ƙanƙanta a ido.

Ba ta canza min fuska ba. Kullum da safe fankena uku na nan a rufe a kwano kafin in fita. Abu ɗaya ne ya canza, ba ta sake yarda mun fita tare ba. Ko biki ne sai ta ce, "Yi gaba, ina tafe." Na sha ɗaura niyyar durƙusawa in ba ta haƙuri, sai in ce bari gobe, tunda ba ta tayar da zancen ba.

Wata bakwai bayan nan ciwo ya kwantar da ita a asibiti. Ina zaune a bakin gado ina mata fifita, wata nas ta zo da takarda tana neman wanda zai sa hannu.

"Mama, wannan 'yarki ce?"

Na jira in ji "ta gidanmu ce" kamar kullum. Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Tambaye ta."

Na miƙe na ce, "Mahaifiyata ce. Ita ta haife ni. Da fanke ta raine ni." Har masu jinya na gadajen gefe suka juyo. Inna ta lumshe ido, ta bar hannunta a cikin nawa, ba ta janye ba kuma ba ta riƙe ni ba. Kwana uku bayan haka ta cika.

Har yau ban san ko ta yafe min ba. Mutane suna cewa uwa ba ta riƙo, ina kuma fatan haka ne. Abin da na koya shi ne, magana zarar bunu ce, kuma haƙurin da aka ajiye wa gobe ba kullum yake tarar da mai shi ba. In taku uwar tana raye, ku nuna ta a gaban kowa, da tabon hannunta da ƙaurin mayafinta. Ni na faɗi tawa gaskiyar da ƙarfi, amma a ɗakin marasa lafiya, gaban mutanen da ba su san ni ba.