Tauraron Teku da Aka Aiko Min Daga Legas

Salamu alaikum. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wasu na tambaya ko na daina karatun littattafai ne. Jinya na yi.

Da kaka, ana cirar gyaɗa a ƙauyenmu Balan, na ji ƙullutu a nonona na hagu. Ba ya zafi. A littattafan da nake karantawa ciwon jaruma suma ne, a yayyafa mata ruwa ta farka. Nawa bai zo haka ba.

Daga asibitin Gaya aka tura mu Kano. Layi, hoto, aka ɗebi tsoka aka kai gwaji. Likitar ta ce, "Kansa ce, ba ta bazu ba tukuna. A cire nonon yanzu."

Na ji kamar da wata take magana.

A makon ne wani labari ya zagaya wayoyin dangi: masana sun samu sinadari mai kashe ƙwayoyin cutar kansa a jikin tauraron teku, wata halittar ruwa mai hannu biyar. Yaya Sale, wan maigidana da ke sana'a a Legas, ya aiko da busasshe guda a motar kaya.

Inna, surukata, ta jujjuya shi. "Ga magani Allah ya kawo, a ce sai an yanka yarinya? A daka da jar kanwa, ta sha a kunu."

Maigidana ya ce, "Inna, kifi ne ko dutse, ba mu sani ba fa."

"Ba kai ka karanto mana ba, ɗan boko?"

Ni ma na so ya zama gaskiya. Aka fara zancen a ɗaga ranar da aka sa za a yi min aiki. Sai na ƙulle tauraron a bakin mayafi na kai wa likita.

Ta kankare bayansa da farce, fenti ya ɓare. "Wannan na adon ɗaki ne. Binciken gaskiya ne, amma a ɗakin gwaji yake, bai kai kan mutum ba. Ciwonki ba zai jira su gama ba."

Aka yi aikin a ranarsa.

Sai ƙarin ruwan maganin kansa. Amai, kasala, gashi ya zube. Gyaɗar bana duk a asibiti ta ƙare. Inna ce ta yi jinyata, ba ta sake tayar da zancen ba.

Gwajin baya-bayan nan ya fito lafiya. Ina komawa ana dubawa.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitoci da dangi da duk wanda ya yi min addu'a.

'Yan'uwa mata, ku riƙa shafa jikinku wajen wanka. Kin ji ƙullutu, tafi asibiti tun yana ƙarami. Abin da duk aka kawo miki, ko daga hannun masoyi ne, likita ya gani kafin ki sha.

Nono ɗaya gare ni yanzu. Yau da safe ni na share tsakar gida.