Kujerar da Yaya Ta Bari

Da hantsin ranar Laraba, bakwai ga wannan wata, ina ofis ina jiran shigowarki, mijinki ya kira ni ya ce kin yanke jiki kin faɗi a tsakar gida, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Yaya, wallahi har yau in na ji motsin ƙofa sai na ɗaga kai.

Ba ciki ɗaya muka fito ba, aiki ne ya haɗa mu a sashen binciken cututtuka. Amma tun ranar farko kika hana ni ce miki Likita. Kika ce, "Ƙanena, likitoci sun yi yawa a ginin nan, yayye ne babu."

Aikinki shi ne gano abin da ya sa hawan jini da ciwon sukari suke ɗauke talaka da wuri, su bar mai hali ya tsufa. Da aka nemi a buɗe ƙaramin asibiti a unguwar bayan masana'anta, kwamitin lafiya ya ce babu buƙata, tunda ba a cika ganin mutanen unguwar a layin masu hawan jini na babban asibiti ba. Cikin sanyin muryar nan taki kika ce musu wanda zai rasa abincin yini in ya bi layi ba ya zuwa asibiti, a ɗaki yake mutuwa. Kika nemi a ba ki lokaci ki je ki auna su a inda suke.

Daga nan kujerar ta samo asali. Awon jini ba ya yin daidai sai mutum ya zauna, ya jingina baya, ya huce. To 'yan dako da masu wankau da masu talla, ina suka ga wurin zama? Kika sayi kujerar ƙarfe mai ninkewa, shuɗiya, kina rataya ta a kafaɗa duk Asabar, muna bin lungu muna tsallake kwata. Ni ke riƙe da na'urar awo ina mita, ke kina dariya kina cewa, "Kai dai ƙanena, bakinka ya fi ƙafarka aiki." Mutanen unguwa suka raɗa miki Mai Kujera, har sunan ya biyo ki ofis.

Ba zan manta wata dattijuwa mai wankau ba. Ta ƙi zama, ta ce kayan mutane na jira. Kika naɗe hannun riga kika ce, "Inna, zauna, ni zan ɗauraye." Ta zauna tana kallonki kina matse zannuwa, sai hawaye. Ta ce rabonta da zama da rana tsaka tun mijinta na da rai. Awonta ya hau har ya ba ni tsoro, kuma a ranar kika kai ta asibiti a motarki. Tana nan da ranta.

Abin da ke ci mini rai shi ne ke ma kina da hawan jinin. Mun sani, mijinki ya sani. Kullum aka ce ki huta sai ki ce sai an buɗe asibitin. Kin zaunar da unguwa guda a kujerar nan, ban taɓa ganin kin zauna a kanta ba. Ina jin haushinki kan wannan, Yaya, Allah Ya yafe mini.

Litinin mai zuwa kwamitin zai saurari sakamakon bincikenki ya yanke shawara kan asibitin. Ke ya kamata ki tsaya gabansu. Ni ba ni da haƙurinki, kin san bakina, har na fara tunanin in roƙa a ɗage zaman, ko da kuwa shi ke nan maganar ta bi ruwa.

Jiya mai wankaun nan ta zo gidanki gaisuwa, ta same ni a ƙofa. Ta ce, "Ɗana, ba don in ƙara maka nauyi ba. Maƙwabciyata ce kanta ke sarawa, ƙafafunta sun kumbura, kuma Mai Kujera ta ce za ta duba ta Asabar ɗin nan." Na shiga na roƙi mijinki ya buɗe bayan motarki, sai ga kujerar a ninke inda kika ajiye ta. Na ce wa dattijuwar ta gaya wa maƙwabciyarta ina tafe. Litinin ma zan je, zan kuma kama bakina kamar yadda kika koya mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki da ta ga abin da uwa ba ta fatan gani. Allah Ya ba su haƙuri da dangana, mu ma Ya ba mu. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane numfashi da aka sauke a kan kujerar nan ya zama rahama gare ki.

Yaya, a duniya kin ƙi zama. Allah Ya zaunar da ke a Aljanna, inda babu gajiya. Amin.