Iya Tambaya, Mai Kira a Ƙofar Gida

Kafin rana ta hau katanga, Iya Tambaya ta yafa mayafi, ta ɗauki karan dawar da ba ta taɓa dukan kowa da shi ba, ta shiga lungu. Ita ce uwar makaranta a ƙauyenmu, nan gefen Bungudu. Takan bi gida gida ta tattaro 'yan mata ta kai su elementare, in an tashi ta mayar da kowace hannun uwarta. Murya kuwa Allah ya ba ta. In ta kira Saude a bakin kasuwa, Sauden bayan masallaci ma sai ta amsa.

Ina koyarwa a makarantar, na ga shekarar da aikin nan ya kusa mutuwa. A 1952 Wasila, wadda ta fi kowa lissafi a ajina, ta je hutu Tsafe wurin gwaggonta, wani direban motar gyaɗa ya yaudare ta ya gudu. Da ciki ya fito, gari ya ɗauka. Aka daina sayen ƙuli-ƙulin uwarta, ubanta ya daina zaman dandali, iyaye suka kwashe 'ya'yansu mata kaf, wai boko ne ya jawo. Aka ce mana in bencinsu ya ci gaba da zama wayam, an daina ɗaukar mata ke nan.

Iya ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Gari na wayewa ta fito da karanta, ta tsaya ƙofar kowane gida ta kwaɗa kira, "Hadiza! Shafa'atu!" Haka za ta iso makaranta ita kaɗai, tana waiwaye kamar akwai ayari bayanta. Gari ya sha dariya. Malam Jatau, uban Hadiza, ya tare ta ya ce, "Iya, wa kike kira? Ɗiyata ba ta zuwa."

Ta ce, "Ni ka kai su, ni ka maido su, Jatau. Abin ga a hutu ya faru, ba hannuna ba. Kai ta hanawa, ni ko ban fasa kira."

Wasila kuwa ɗakinta ta kai ta. Da yarinyar ta haihu, Iya ce ta yi ta ɗauko itacen wankan jego a ka, ta dama kunun kanwa, ta riƙa goya jaririyar don uwar ta samu duba karatu.

Damina ta wuce Iya tana kira. Uwar Hadiza ce ta fara kasa jurewa jin sunan 'yarta kullum babu amsa, ta turo ta da kanta, Jatau ya yi kamar yana gyaran fartanya. Sai Shafa'atu, sai Saude, har benci ya yi mana kaɗan. Ban taɓa jin daɗin surutun yara kamar na lokacin ba.

Ke ce, Iya, kika riƙe mana ƙofar nan da muryarki kawai. Ke ce uwar da ba ta yar da 'ya don ta yi tuntuɓe. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Wanda duk ke da ƙofar da zai tsaya ya yi kira, ya yi koyi da ke.

Bana gwiwar Iya ta ƙi, sai ta miƙa wa Wasila karan, ita ce sabuwar uwar makaranta. Ranar sallama Iya ta roƙi a bar mata kira ɗaya. Ta tsaya ƙofar ɗakinta ta ce, "Tambaya!" Sai ga takwararta, 'yar Wasila, ta fito da gudu da allonta ta ce, "Na'am, Iya!"