Batirin Malam a Ɗakin Takaba

Assalamu alaikum. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, maƙwabciyata ce mai koyarwa take rubuta mini wannan, ina faɗi tana sawa a takarda, inda kuka ga maganar ta tsinke to hawaye ne suka tare ni ta tsaya ta jira. Wallahi abin da zan gaya muku a kaina ya faru, a nan Illela, shekara biyu ke nan da damina, ina cikin takabar maigidana, Allah Ya jiƙansa Ya kai haske kabarinsa.

Maigidan nawa, Malam, da jakuna ya tashi. Shekara arba'in yana dakon albasa da gero daga Araba da Tozai zuwa kasuwa, wani lokaci har Ƙonni, sai da gwiwa ta ƙi shi sannan ya sayar da su. Babur mai shan mai kuma ya fi ƙarfinsa, don lokacin ne fetur ya yi tashin gwauron zabi, sai ya gano babur mai caji a wani shago can tsallaken iyaka ya sayo. Bai taɓa kiransa babur ba, jaka yake ce masa, wai ta fi na da ladabi tunda ba ta kuka ba ta harbi. Batirin cire shi ake yi, kamar ƙaramin akwati, nauyinsa ya kai na tulu cike da ruwa. Ya kai shi wurin mai sola a yi caji, ya dawo da shi ya tura ƙarƙashin gadona saboda ɓarayi.

Mai shagon ya ba shi wata takarda, ya ce garanti ce ta shekara guda, duk abin da ya lalace a dawo a canza. Wata bakwai ba su cika ba batirin ya fara zafi, gefensa ya kumbura kamar cikin akuyar da ta yi ɓarna a rumbu. Malam ya ɗaure shi a baya ya koma. Mai shago ya juya shi ya juya, ya ce ina kwalin da ya zo ciki, ai lambar tana jikin kwali, babu kwali babu canji. To kwalin nan ni na yanka shi na shimfiɗa wa kaji a akurki saboda laima, ina zan san kwali ma takarda ce? Da Malam ya dawo ya gaya mini sai na sa kuka, shi kuwa dariya ya yi.

"To ke mi na kuka? Garanti dai kajinki sunka kwana bisanta, su za mu kai ƙara."

Haka yake, bai iya faɗa ba. Sai ya ci gaba da lallaɓa batirin yadda ya saba lallaɓa jaki mai zazzaɓi, ya jiƙa tsumma ya ɗora masa, ya ajiye shi a inuwa ya huce, ya sake ɗaurawa ya tafi nema. Ana haka nasa zazzaɓin ya zo, kwana uku kacal, ranar Alhamis da la'asar aka fita da shi.

Bayan addu'ar uku ƙanensa, Alhaji Garba, ya kulle babur a zaure, ya tara mu ya ce ko allura kada a ɗaga daga inda mamaci ya bar ta sai dangin da ke Nijar sun zo an raba gado. Gaskiyarsa ce, haƙƙin marayu ba abin wasa ba ne. Batiri kuwa yana ƙarƙashin gadona, kowa ya manta da shi, har ni.

Sai wata rana na duƙa ina laluben takalmina, bayan hannuna ya taɓa shi, na ji ɗumi. Babu waya a jikinsa, ya fi mako biyu ba a kai shi caji ba, amma ɗumi yake irin na jikin mutum. Jama'a, ku yi mini uzuri. Shekara arba'in da ɗoriya ina jin ɗumin mutum ɗaya a ɗakin nan, aka ɗauke shi, komai ya yi sanyi, tabarmarsa, butarsa, hularsa da ke rataye, sai wannan abu ɗaya da hannunsa ya taɓa ƙarshe shi ne bai huce ba. Na zauna a ƙasa na ɗora tafina a kai na yi kuka har na gode Allah. Daga nan na ɗauko bargon Malam na lulluɓe shi, don kada ɗumin ya fita, don kuma kada wani ya gani a ɗauke mini. Kullum in na idar da salla sai na zura hannu ƙarƙashin bargon, kullum kuma ɗumin ƙaruwa yake, ni kuwa ina jin daɗi.

'Yata Balki ce ta zo taya ni zama da jaririyarta 'yar wata huɗu, ɗaki ɗaya muke kwana. Ta fara jin wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar alewa ta kama tukunya.

"Inna, mi ke wari haka ɗakin ga?"

"Turaren tsinke ne na kunna ɗazu."

Ƙarya a bakin mai takaba, astagfirullah. Har yau in na tuna sai na ji kunyar Ubangijina.

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwa, unguwa duk ta watse. An yi ruwa da asuba, rana ta fito da hantsi. Balki ta kwantar da yarinyar a kan gadona, daidai saman batirin, ta ɗauki gero ta tafi niƙa. Ina zaune bakin ɗaki ina jan carbi sai na ji takun jaki a waje, ƙwas, ƙwas, a hankali, ya zo ya tsaya daidai ƙofar gida. Aka yi sallama. Muryar tsoho ce, a dishe, ban san ta ba, kuma ku riƙe wannan, ba muryar Malam ba ce, tasa ko a cikin kasuwa zan tsince ta.

Na amsa daga ciki, na ce maza ba sa nan, mai takaba ce kaɗai.

"Na sani, baiwar Allah. Ruwa nike so."

Na ɗebo a randa cikin ƙwarya, na je bayan ƙyauren zaure na tura ta ƙasa ba tare da na leƙa ba, kamar yadda ya kamata. Na ji ya ɗauka, na ji yana sha, maƙogwaronsa yana ƙara. Ya yi hamdala, ya yi mini gaisuwar rashi, sai ya ce:

"Mi kinka rufe da bargo ƙarƙashin gado?"

Balki da muke kwana tare ba ta sani ba, balle mutumin da ke bayan ƙyaure.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba a lulluɓe mai zazzaɓi, ke ma kin sani. Ki fid da shi fili, bisa yashi, nesa da danga, nesa da rumbu."

Na ce kayan gado ne, Alhaji ya hana a taɓa.

"Alhaji ɗakin yake kwana? Ɗiyar wa ke bisa gadon?"

Hawaye suka zubo mini. Ni fa ba Alhaji nake tsoro ba, ɗumin ne ba na son rabuwa da shi, kuma kamar ya san haka, don ya sassauta murya ya ce:

"Wanga ɗumi ba na mai shi ba ne. Tashi, ba ki da lokaci."

Ban san yadda na kai ɗaki ba. Na yaye bargon, gefen da ke taɓa batirin har ya yi baƙi. Na kama hannun batirin da tafuna biyu sai na ji kamar na kama murfin tukunya a kan murhu, amma ban saki ba, na jawo shi kan tabarma, na ja tabarmar da baya da baya, ni da ko tulu ban iya ɗagawa, har tsakar gida inda aka zube yashin gini. Na koma na sunkuci yarinyar, ina fitowa da ita na ji yana huci kamar kububuwa, farin hayaƙi ya yi sama, sai ƙara, sai wuta. Irin wutar nan ban taɓa gani ba, tsalle take tana tofar da tartsatsi, ta lafa ta sake tashi. Kulu mai gyaɗa, da ke zama a ƙofar gidanta daura da namu, ta shigo da gudu ta watsa bokitin ruwa, wutar ta yi kamar ta mutu ta dawo. Sai da maza suka zo suka yi ta zuba mata yashi da shebur, ta daɗe tana ci a ƙarƙashi. Da a ɗaki ne, da gado da katifa da rufin kara da abin da ke kan gadon, kai, ba na son ƙarasawa.

Balki ta dawo ta yar da garin a ƙofa, ta ƙwace 'yarta tana duba ta gaba da baya, ko ƙwarzane babu. Alhaji Garba ya iso daga kasuwa da faɗansa, wa ya ce a taɓa, sai ya ga tafukan hannuna sun tashi sun yi ruwa, ya dubi ramin da wutar ta yi a yashi, ya zauna a kan turmi ya cire hula.

"Yaya, ke da ba ki fita, wa ya ce maki ki fid da shi?"

Na ce tsohon da ya tsaya da jaki ya roƙi ruwa. Kulu ta dube ni.

"Wane tsoho? Tun da ruwa ya ɗauke nike zaune ƙofa ina ɓarar gyaɗa, ko kare bai bi layin ga ba."

Aka fita aka duba. Ƙasa jiƙe take, sawun Balki na fita yana nan, na Kulu na shigowa yana nan, da na mazan da suka kawo ɗauki, babu kofaton jaki ko ɗaya. Ƙwaryata kuwa tana gefen ƙofa a kife. An tambaya har tashar jakuna, ba wanda ya san shi. Liman ya ce mamaci ba ya dawowa, kada in bar Shaiɗan ya saka mini wani tunani, Allah Yana da bayi iri-iri da Yake aikowa. Na yarda, ban ce kowa ba ne. Alhaji ya kwashi gawayin batirin da takardar ya kai wa mai shago don ya gani da idonsa, mutumin ya yi ta'aziyya, ya ce garanti da sunan mai shi take, tunda ya rasu ta bi shi.

Abu ɗaya ne ban gaya wa liman ba, yau ne na fara faɗinsa. Da na duƙa zan ɗauki ƙwaryar, na ga wanda ya sha bai shanye ba, ya rage kaɗan ya zuba a fasasshen kaskon da ke jikin bango, kajina sun taru suna sha. Mutum ɗaya na sani a duniya da ba ya shanye ruwa sai ya rage wa kaji.

'Ya'yana, masu baburan nan sun yi yawa yanzu, ina jin wucewarsu shuu ba ƙara. Don Allah kada ku kwana ɗaki ɗaya da batiri. In ya kumbura, ko ya yi zafi ba a caji, ko kuka ji yana warin zaƙi, ku fitar da shi fili ku nisance shi, ko na gado ne, ko na wa ne. Ku adana kwali da takarda, ku tambayi mai shago a gaban shaidu abin da garantinsa ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba. In kuma baƙo ya yi sallama ya roƙi ruwa, ku ba shi, ku saurari abin da zai ce. Wanda ya karanta ya yi wa Malam addu'a.