Usur ɗin Baba Dakata

Baba Dakata ya ƙare ƙuruciyarsa a tsakiyar mararraba yana ba motoci hannu, can ya samo sunan. Da ya yi ritaya ya dawo gida da farar safar hannu da usur, ya rasa wanda zai tsayar. Ya gwada jikoki, suka rage zuwa. Ya gwada matarsa, wadda unguwa ke kira Inna, ta yi masa kallo ɗaya, bai sake ba.

Sai ya koma bayan gida. Ɗan fili ne mai famfo da bishiyar lemo, da igiyar shanya daga katanga zuwa katanga. Ya ɗaure tsohon faranti a reshe, ya zuba tsaba, ya kafa kujera. Gwara suka fara zuwa, sai kurciyoyi, sai wani hankaka mai ɗingishi da Baba ya rantse direban tirela ne, don ba ya bin layi, ba ya kuma ba da haƙuri.

Matsalar ita ce in tsuntsayen sun ƙoshi, kan igiya suke hutawa, kuma abin da ya shiga cikinsu ba ya daɗewa. Inna ta yi ta sake wanke zannuwan gado har sabulu ya ci mata hannu. Ranar da abin ya kai ga mayafinta na fita unguwa ta yanke hukunci: in aka ƙara, faranti zai koma kicin, kujera ta koma ɗaki.

Baba bai ga laifin tsuntsaye ba. A ganinsa cunkoso ne kawai, kuma cunkoso aikinsa ne. Ya sa safar hannunsa, ya ja layi da alli a ƙasa, ya tsaya tsakanin faranti da igiya. Kullum da safe in ya zuba tsaba sai ya busa usur, ya ɗaga hannun dama ga masu shigowa, na hagu ga masu fita. Maƙwabcinsa mai gyaran keke ya leƙo ta katanga ya tambaya ko duk suna da lasisi. Baba ya ce ya sauke kansa, yana tare hanya. Ba a jima ba tsuntsaye suka riƙa tahowa da jin usur, Baba ya ce horo ya fara shiga.

Ranar babban wanki Inna ta cika igiya da fararen kaya ta shiga ciki. Kurciya guda ta sauka a kai. Da wani ne, da hannu zai kore ta. Baba kuwa ya cika kumatu ya yi irin busar da ke tsayar da babbar mota. Su tsuntsaye abin da suka koya shi ne in an busa an zuba abinci. Suka taho daga kowace kusurwa, suka tarar da faranti wayam, suka jeru kan igiya suna jira. Baba ya ƙara busawa, suka ƙaru.

Inna ta fito ta dubi kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa hannu.

"Malam, kawo usur ɗin. Ga bokiti can, ga sabulu."

Ya tsuguna bakin famfo. Ita kuma ta kwance faranti, amma masu jira suka ƙi barin igiya. Dole ta kai shi can ƙarshen fili, ta zuba tsaba, ta busa. Igiya ta huta. Ta jawo kujera ta zauna, wai don ta tsare su har kaya su bushe. Can ta lura hankaka ya hana wata ramammiyar kurciya ci, ta miƙe ta wanke shi tas, har da tambayarsa ko gidan ubansa ne.

Faranti bai koma kicin ba. Yanzu Inna ce mai busa, kujerar ma tata ce, wanki kuma ya zama na Baba. Daga bakin famfo yake kallon tsuntsayensa, yana gunaguni cewa ta bar masu shiga da masu fita a layi ɗaya. Ita kuwa ko waiwaye ba ta yi, sai dai ta ce ya mai da hankali, wuyan rigar nan bai fita ba.